Sitiyarin Gayu da Fitilar da Aka Toshe wa Baki

Ranar wata Asabar bayan La'asar ɗan yayata ya shigo warsha da kwali a hammata, yana tafe yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, ko da yake shi a unguwar Jarwal ta Makka aka yanke masa cibiya, kujerar ba za ta burge shi ba. Ya ɗora kwalin a kan bonet ɗin Camry ɗinsa ya buɗe. Sitiyari ne ɗan madaidaici mai ƙafa uku, baƙi wuluk, an ɗinke shi da jan zare, ga ɗan layi rawaya a goshinsa irin na motocin tsere. A ƙarƙashinsa akwai cibiyar ƙarfen da ake ɗaura shi a kai, da 'yar leda mai notuna shida. Cikin ledar, a tsakanin notunan, na hango wani ɗan abu da bai fi ƙwayar shinkafa ba, da siririyar waya a kowane gefe.

"Kawu, aikin minti talatin ne kawai," in ji shi. "Na gani a YouTube."

Na zaro ɗan abin nan na ɗora a tafin hannuna, na tambaye shi ko ya san aikinsa. Ya ce ai na kashe fitila ne. Na ce wace fitila? Ya ce ta eyabag mana, don kada ta riƙa damun mutum a dashbod. Ya faɗe shi kamar mai cewa a kashe fanka sanyi ya yi yawa.

Ban ɗaura masa ba. Ya tattara kwalinsa ya fita ko sallama babu, ya yi kwana huɗu ba ya ɗaga wayata.

Shekara 22 ke nan ina aikin wayarin mota a Sana'iyyar Jidda, unguwar masu gyaran mota, abin da a gida ake ce wa riwaya, nan kuma a ce kahraba'i. A 'yan shekarun nan irin wannan sitiyari ya yawaita a motocin samarinmu na Jidda da Makka, kuma kusan duk wanda ka gani a ɗaure, da hannun ɗayanmu aka ɗaura shi. Don haka ba daga nesa nake jifa ba. Ra'ayina shi ne, motar da ta fito daga kamfani da jakar iska, wato eyabag, a sitiyarinta, muddin titin jama'a za ta hau, bai kamata a cire mata shi a sa wanda ba shi da jaka ba. Kuma in ana rabon laifi, kason yaron da ya sayo kwali bai kai na mai sana'ar da ya soka ɗan abin nan mai kama da ƙwayar shinkafa, wato resista, ya toshe wa fitila baki ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ado da abin hawa dai ba ni da ja a kansa. Bahaushe ya gaji wannan tun daga dokin hawan Sallah, ya kawo shi kan manyan motoci masu bodin katako da ake zana wa zaki da dawisu a rubuta "Allah Ya kiyaye hanya". Da muka zo ƙasar nan muka tarar da mutanen da suka fi mu son mota: tsohuwar Cressida da ake lallaɓawa kamar amarya, Datsun, Caprice, shas, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, da ake hawa yashi da shi. Yanzu kuma tseren ya zo har ƙofar gida. Tun 2020 ake yin gasar Dakar a Saudiyya, tun Disambar 2021 ake tseren Formula 1 a bakin tekun Jidda, kuma a 2025 Yazeed Al-Rajhi ya zama ɗan ƙasar nan na farko da ya cinye Dakar a ɓangaren motoci. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, dole hannunsa ya yi ƙaiƙayin riƙe irin sitiyarinsu. Ya canza wili, ya sa fitilu, ya gyara kujeru, kuɗinsa ne. Amma sitiyarin motar zamani ya daɗe da tashi daga kayan ado, ko da yake har yanzu kallon ado ake yi masa.

Duk wanda ya taɓa kwance shi ya san abin da nake nufi. Kafin in taɓa noti ɗaya sai na cire kan batir na jira 'yan mintuna, saboda abin da ke bayan murfin nan da kake danna hon a kai ɗan bam ne da aka hore. Jakar nailan ce a nannaɗe, bayanta ɗan gwangwani mai sinadari. In na zaro ta, ba na juyo fuskarta wajen ƙirjina, kuma ba na kifa ta a kan benci, fuskarta sama take kallo. Idan mota ta yi karo, na'urorin jin duka su kai wa kwamfuta rahoto, kwamfuta ta aika wuta, sinadarin ya ƙone, iska ta cika jakar cikin kimanin kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa. Motar da ke gudun kilomita 120 a titin Jidda zuwa Makka tana cin mita 33 a daƙiƙa guda, wato mita ɗaya kacal za ta ci a lokacin da jakar ke cika. Muna cewa abu ya faru kafin ƙiftawa da bismilla. To wannan ƙiftawar ma ya riga ta.

Ga kuma abin da yawancin samari ba su sani ba, har da wasu masu warsha. Sukan ce ai ina ɗaura bel, ya ishe ni. Bel ɗin motocin yanzu dabara biyu gare shi. Da an yi karo sai ya ɗame ka da ƙarfi ya manna ka da kujera. Sannan idan nauyin jikinka ya matsa masa ya kai wani mizani, sai ya ɗan saki da gangan, don kada shi kansa ya farfasa maka haƙarƙari. Wanda ya ƙera shi ya yarda ya saki ne saboda ya san akwai jaka a gaba tana jiran ka. Tare aka auna su, tare aka gwada su, aka yi ta rotsa motoci da mutum-mutumi a ciki har lissafi ya daidaita. Ka cire jakar, bel bai sani ba. Zai sake ka kamar yadda aka koya masa, ya miƙa fuskarka da ƙirjinka ga farantin alminiyam da kawunan notuna shida. Shi kansa ƙashin sitiyarin kamfani an yi shi ne ya lanƙwashe ta yadda aka tsara, an lulluɓe shi da soso mai tauri.

Amurka ta wajabta jakar iska ta direba da ta fasinjan gaba a ƙananan motoci tun daga samfurin 1998. Hukumarsu ta kiyaye haɗurra a manyan tituna, NHTSA, ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun ceci rayuka fiye da 50,000 daga 1987 zuwa 2017. Cibiyar binciken kamfanonin inshora ta can, IIHS, ta ce a karon gaba da gaba jakar tana rage mutuwar direbobi da kashi 29 cikin 100. Mu kuma a nan mun san irin titunanmu. Tun 2018 akwai manyan hanyoyin da aka yarda a yi gudun 140, har da ta Makka zuwa Madina, hanyar da raƙumi kan tsallako maka da tsakar dare ba sallama. A 2016 mutum fiye da 9,000 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar nan. Adadin ya ragu ƙwarai daga baya, da kyamarorin Saher masu kama masu karya dokar hanya, da tarar rashin ɗaura bel, da gyaran hanyoyi. Ana wannan fama, mu kuma muna cikin warsha muna kwance abin da kamfani ya sa.

Ɗan yayata ya ce da ni, to Kawu, ai motar Al-Rajhi ma ba eyabag a sitiyarinta. Gaskiya ne, motocin tsere ba sa amfani da ita. Sai dai shi yana zaune ne cikin kejin ƙarfe da aka yi wa walda da jikin motar, a kujerar da ta rungume shi, an ɗaure shi da ɗamara mai igiya shida wadda ba ta saki ko kaɗan, da hular kwano, da wani abin wuya da ke hana kansa fizguwa gaba. An ɗaure shi ta yadda ƙirjinsa ba zai kai ga sitiyari ba. Yaronmu ya ga barde a fagen fama ya kwaikwayi rawaninsa, ya bar sulke da lifidi a gida.

Maganar da ta fi yawa a bakinsu ita ce, raina ne, motata ce. Wannan maganar ta fi dacewa da wata al'umma, mu ba haka muke zaune ba. Ka shiga gidajenmu a Hindawiyya ko Rusaifa, ko nan Sabil da Karantina, mota ɗaya ce direbobi huɗu. Uba ya tafi Asuba da ita, wa ya tafi aiki, ƙane ya je Halaga ya yo cefane, da daddare a ce wane ɗauki makulli ka tarbo baƙi a filin jirgi, 'yan uwa sun iso Umra daga Kano. Maƙwabci ma in matarsa na naƙuda ba ya tambayar wane irin sitiyari ne, makulli kawai yake karɓa. Tun ranar 24 ga Yunin 2018 da aka bai wa mata izinin tuƙi, direbobin gidan sun ƙaru.

A nan ne zan faɗi nawa laifin. Ni ma na ɗaura, ba sau ɗaya ba. Wajen 2016 na ɗaura wa ɗan wani maƙwabcina a wata 'yar Accent fara, na soka masa resista, na naɗe da baƙin tef tsaf yadda ko ni sai na duba da kyau zan gane, na karɓi ladan aikina na sayi shayi. Bayan shekara uku ina tsaye a danja da rana tsaka, sai ga motar a gefena. Na gane ta da wata lotsawa a ƙofar baya. Ƙanwarsa ce a ciki, 'yar ƙaramar yarinya da ta fara aiki a wani shago, ta jawo kujera gaba har ƙarshe don ƙafarta ta kai birki. Ita cibiyar da ake ɗaura irin wannan sitiyari tana ƙara turo shi wajen direba, balle in an haɗa da abin nan na ɓalle shi a cire. Ko da jaka a mota, ana son a bar tazarar santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari. Ita tsakanin ƙirjinta da notunan da na ɗaure da hannuna bai fi taƙi ɗaya ba. Dashbod ɗinta tas, ba wata jar fitila. Danja ta ba da hannu ta wuce, ba abin da ya same ta. Da na haɗu da wan nata na tambaye shi ko ya gaya mata, sai ya ce, "Baba, in gaya mata me?"

Tun ranar ban sake ba.

Abin da ɗan resistan nan yake yi ba shi da wuyar fahimta. Kwamfutar mota kullum tana lalubar jakar ta cikin wayoyi masu rawayan soket, tana auna ƙarfin turjiyar da ke cikin abin kunna sinadarin, wajen om 2 zuwa 3. In ta laluba ba ta ji komai ba, sai ta kunna fitila a dashbod, mai hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa. Wannan fitilar ita ce kaɗai bakin da mota take da shi na gaya maka cewa abin da kake dogaro da shi ba ya nan. Sai mu kawo resista mai turjiya daidai da ta jakar mu soka a gurbinta. Kwamfuta ta laluba ta ji kamar jaka, ta yi shiru. Mun yi mata ƙarya, ita kuma ta yi wa duk wanda ya zauna a kujerar nan ƙarya ba da saninta ba, yau da gobe, har ranar da za a buƙaci jakar.

Abokan sana'ata suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce, in ka bar fitilar a kunne, ba ka da tabbacin jakar fasinja da abin ɗame bel za su yi aiki, kuma in wata matsala ta sake tasowa ba za ka gane ba, tunda fitila dama a kunne take. Saboda haka, in ji su, tunda yaro ya nace sai ya cire, gara a sa resista sauran su tsira. Na yarda akwai gaskiya a ciki ta fuskar aiki. Amma ban taɓa ganin wanda ya sa resista sannan ya manna takarda a dashbod ya rubuta cewa motar nan ba jakar direba ba. Ko ɗaya. Da don tsiran sauran ake yi, da an yi hakan, ai bai fi rabin riyal ba. Kuma hujjar tana farawa ne daga "tunda ya nace", alhali sifana a hannunmu take.

Mafi muni yana zuwa ne ranar sayarwa. Gayu ba ya daɗewa. Bayan shekara ɗaya ko biyu yaro ya yi aure, ko ya ga wata motar, sai a nufi haraj, kasuwar motocin hannu. Sitiyarin tsere yana karya farashi, don haka a mayar da na asali. To amma jakar fa? Sau da yawa an riga an sayar da ita tun tuni, domin tana da kuɗi, masu gyaran motocin da suka yi haɗari suna nemanta ido rufe. Sai a samo murfi fanko a rufe, a bar resista a inda yake.

Bara wani dattijo ya kawo mini Corolla, hon ɗinta ya daina yi. Mutumin Sakkwato ne, ya fi shekara 30 a nan, yana kai yaran unguwa makaranta da safe, da yamma ya kai su tahfiz. Na cire batir, na kwance murfin a hankali yadda na saba, sai na ji shi sakayau a hannuna. Soson katifa ne a ciki da tsumman fanela, an cusa don in an danna a ji tauri. Ga rawayan soket can a gefe, da ɗan resista a bakinsa, an naɗe da tef. Na kira shi na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna.

"Malam, wata takwas ke nan ina zuwa Makka da ita duk Juma'a," in ji shi. "Wanda ya sayar mini sai da ya rantse ya ce wakala ce, yadda ta fito daga kamfani, ba abin da aka taɓa."

Na ce, "Baba, Allah ne Ya tsare."

Ya ce haka ne, ya kuma yin shiru. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne naɗin tef ɗin. Aikin gwani ne, irin naɗin da ni ma nake yi.

Kowa a cikinmu ya san hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wannan hatsi ne, asararsa 'yan dirhamomi. Ina so malamanmu da ke karantarwa a zaurukan Makka da Jidda su ɗauki wannan mas'ala da sunanta, su gaya mana matsayin mai warshar da ya ɓoye, da mai motar da ya sayar ya yi shiru, idan wanda ya saya ya mutu a karon da jaka za ta iya tare shi. Diyyar kisan kuskure a ƙasar nan riyal 300,000 ce tun 2011. Ko kotu ba ta taɓa tambayar mai tef ba, akwai inda za a tambaye shi.

Mai sayen mota a haraj, ga abin da zan iya ba ka. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kalli dashbod. Fitilar jaka ta kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an liƙe shi, ka ja da baya. Amma wannan gwajin ƙaramin ɓarawo kawai yake kamawa. Mai resista fitilarsa tana kamawa ta mutu lafiya lau kamar ta sabuwar mota. Shi sai an buɗe. Kuɗin da za ka ba mai wayarin da ka yarda da shi ya kwance murfin a gabanka bai kai na faranti biyu na mandi ba. In mai mota ya ce ba a buɗe masa sitiyari ba, ya ba ka amsa ke nan.

Akwai masu cewa ai jakar ma tana kisa, su kawo maganar Takata. Wannan ya faru. Kamfanin na Japan ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitret, wanda zafi da laima ke lalatawa a hankali, har ya zama in jakar ta tashi gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe. Mutane sun mutu, an janye jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin ya durƙushe a 2017. Kuma in ana maganar zafi da laima, Jidda ba ta da wa. Amma maganin wannan a bayyane yake, kyauta ne ma: Ma'aikatar Kasuwanci tana da shafin janye kayan da aka samu da aibi, ka sa lambar bodin motarka, in tana ciki ka kai wa wakilin kamfani ya canza maka ba ko halala. Wanda ya ji labarin rijiya ɗaya mai guba ba ya daina shan ruwa.

Masu "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" kuwa, a ƙasar da aka ce wa mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali suke zaune. Ba zan tsaya a kansu ba.

Inda ba ni da magana shi ne tsofaffin motoci. Mai Cressida ta shekarun 1980, ko tsohuwar Hilux da ba ta taɓa sanin wata jaka ba, in ya ga Nardi na katako ya ji yana so, ya kawo in ɗaura masa da murna, ba abin da ya rage wa kowa. Sai dai ya sani, in ya sauko daga faɗin milimita 380 zuwa 330 a motar da ba fawa mai sauƙaƙa murza sitiyari, damtsensa zai gaya masa ranar da zai yi fakin a lungunan Balad, tsohon garin Jidda, kuma bakin sitiyarin kan rufe masa agogon gudu, Saher kuwa ba ta karɓar wannan uzuri. Haka wanda ya keɓe mota don filin tsere, yana kai ta a kan satha, wato motar ɗaukar motoci, ya dawo da ita a kan satha, ya haɗa mata keji da ɗamara, wannan ya san abin da yake yi. Ya nemi na gaske kawai. Momo kamfanin Italiya ne tun 1964, Nardi tun 1951, sun san aikinsu. Abin da ke zuwa a kwali daga intanet da sunansu a jiki, a farashin da bai kai na takalmi ba, yawanci jabu ne. Na ɗan yayata, kafin ya fita, na dafa shi da gwiwa na ja da hannu biyu, ina ji yana ba da kai. Ni da na haura hamsin. Araha ba ta ado.

'Yan matanmu ma kada su ce ba da su ake ba. Tambarin nan mai duwatsu masu ƙyalli da ake mannawa a tsakiyar sitiyari, a 2023 NHTSA ta yi gargaɗi a kansa, bayan wani irinsa ya fizgo lokacin da jaka ta tashi ya makantar da idon direba ɗaya. Duk abin da aka manna a kan murfin nan harsashi ne mai jiran rana.

Wanda hannunsa ke son sabon abu yana da hanya. Masu tanjid, wato masu ɗinkin kujerun mota, sun cika Sana'iyya, za su feɗe maka sitiyarinka na asali su sake masa fata, su ƙara masa kauri, su ɗinke da jan zare, har layin goshin su sa maka, jakarka tana inda take, maɓallan rediyo da hon suna aiki. Ko ka nemi sitiyarin babban samfurin motarka, wanda jakar ke zama a cikinsa daidai. Kuma ga Murur, 'yan sandan hanya. Dokar hanya ta hana sauya wa mota kayanta na asali ba tare da izini ba, akwai tara a kai. Ɗan sandan da ya leƙo ya ga sitiyarin tsere a Camry, tunaninsa tafhiɗ zai tafi, wato wasan ganganci da mota a titi, laifin da tun 2016 tararsa ta farko riyal 20,000 ce da tsare mota kwana 15. Ɗan ƙasa ma bai so wannan kallon ba, balle mai zama da igama.

Abin da nake nema a wurin 'yan uwana masu warsha bai fi ƙarfinmu ba. Mun san juna, muna haɗuwa a masallaci ɗaya, muna aron na'urar gwaji a hannun juna. Da za mu haɗa baki mu ce ba ma soka resista a gurbin jaka, ba ma rufe murfi fanko, da rabin abin ya mutu, domin yaron da ya kalli YouTube yakan tsorata da ya ga rawayan soket. Na kawo maganar a wani zama bayan Isha'i, wani ya ce in mun ƙi, na gaba da mu zai karɓa. Haka ne kuwa, na gani da idona.

Ɗan yayata layi biyu kawai ya tsallaka aka ɗaura masa. Uwarsa ce ta kira ni bayan mako guda, ta ce ga wani abu ya kawo ya ajiye mata a sito kusa da tukunyar gas, ko na san mene ne. Na ce, "Yaya, kada ki taɓa, ga ni nan." Na tarar da sitiyarin a cikin buhun shinkafa, jakar a kife. Allah Ya sa bai kai ga sayar da ita ba. Na ɗauko na kawo warsha, na ɗora a kan kanta ta sama fuskarta na kallon rufi, na rubuta sunansa da alli a jikin katakon. Na kuma gaya wa Yaya, a gaban 'yarta da ke koyon tuƙi, abin da aka cire daga motar da abin da aka soka a gurbinsa. Tun daga ranar yarinyar ba ta sake karɓar makullinsa ba. Fahas ɗin motar, wato duba lafiyarta da hukuma ke yi, a watan Rajab yake, kuma ya riga ya turo mini saƙo yana tambaya ko sitiyarin nasa na nan.